Ayabar da Auta Ya Tafi Sayowa

Litinin, 3 ga Maris

An kwantar da Mama a asibitinmu. Ɗakinta yana daura da ɗakin gwaje-gwaje inda nake aiki, don haka ina leƙawa tsakanin jinin wani da fitsarin wani. Likita ya ce zuciya ce. Ita ta ce ba wata zuciya, mu ne. Ni da Auta.

Ya zo da hantsi, da jakar nan tasa a kafaɗa, wayoyin dish ɗin talabijin suna leƙowa kamar kayan ciki. Ya yanke haɓarsa wurin aski ya manna ɗan auduga. Ƙato da shi, har yau bai iya riƙe reza ba. Shekara bakwai ban yi masa magana ba, kuma ban ga dalilin farawa yau ba. Na ce, "Mama, ki ce wa ɗanki ya matsa, ya tare fanka." Ya ce, "Mama, ki ce wa 'yarki fankar ba ta ubanta ba ce." Mama ta ce ai uban ɗaya ne, Allah ya jiƙansa da bai ga wannan rana ba.

Ta ce ayaba take marmari. Ya ce yanzu-yanzu, sai dai akwai dish ɗaya da zai ɗaura a hanya.

Talata, 4 ga Maris

Ba Auta, ba ayaba. Na sayo mata da kaina. Ta ce in ajiye, za ta jira tasa.

Alhamis, 6 ga Maris

Wayarsa a kashe. Maigidan, mijina, ya je ɗakinsa, a kulle. Babur ɗinsa yana jingine a ƙasan wani bene, tsani a jikin bango, shi kuwa ko ƙyallinsa.

Gwaggo ta zo dubiya, ta sa ni a gaba: wai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce Gwaggo, a wurin aikinmu ana yankewa, har da sa hannun likita.

Kowa ya manta abin da ya yi mini. Ni na roƙa aka ɗauke shi aikin gyaran wuta a asibitin nan. Ko wata biyu bai yi ba ya zare filogin firjin da muke ajiye jinin mutane ya jona butar shayi, ya tafi gida ya bar shi haka. Da safe shugabar sashenmu ta tara mu, ta nuna shi ta ce, "Wannan ba ƙaninki ba ne?" Na ce kama ce kawai. Ya ji. To me zan ce? Shi yake fushi, ni aka ci wa mutunci.

Mama tana ta kallon ƙofa.

Lahadi, 9 ga Maris

Mama ta rasu da safe. Hannunta yana cikin nawa.

Juma'a, 14 ga Maris

Gida cike da masu ta'aziyya. Kowa ya gaisa sai ya ɗan waiga, "Ina Autan?" Na gaji da cewa ya yi tafiya. Yau na ce wa wata ya hau sama. Ta ce, "Shi ma?" ta fara salati, sai da na yi bayanin tsani.

'Yan sanda sun ce babban mutum ne, ƙila mace ya bi. Wace mace za ta ja Auta?

Daren da za ta cika Mama ta ba ni saƙo gare shi. Ni ce 'yar aike yanzu. Sai ya zo tukuna. In ya zo ma ba lalle ba.

Asabar, 29 ga Maris

Na koma aiki. Ina wucewa ta ƙofar ɗakin nan kaina a ƙasa. Wani tsoho ne a gadon yanzu, yana ta faɗa da fanka.

Litinin, 7 ga Afrilu

Bari in rubuta.

Muna gidan Mama ni da Gwaggo, muna naɗe kaya a kwali don mai gidan hayar yana son wurinsa. Aka buga ƙofa da ƙafa. Mutum ɗaya na sani mai buga ƙofa da ƙafa.

Auta ne, da rigar ran nan da jakar ran nan, leda a hannu. Ya wuce ni kamar labule ya ce, "Gwaggo, na je asibiti na tarar da wani tsoho a gadonta. Har an sallame ta? To ki ce wa wasu mutane da sun kira ni a waya ba abin da zai ragu a jikinsu."

Gwaggo ta saki zanen da take naɗewa. Ta zame ta zauna a kan kwalin kwanuka. Na duba hagu na duba dama, ba wanda zan aika. Sai na ce, "Mama ta rasu."

Maganata ta farko gare shi ke nan a shekara bakwai. Da na sani da na yi ta fankar tun ran nan.

Dariya ya fara yi. Sannan ya leƙa ɗakinta ya ga gado ba zanen gado. Ya dawo ya zauna a ƙasa, ledar a cinyarsa, yana ta cewa, "Ɗazu fa. Ɗazu na bar ta."

Talata, 8 ga Afrilu

Ga labarin da ya ba Gwaggo, ni ina kicin ƙofa a buɗe.

Wai ya sayi ayabar, ya hau saman benen yana juya dish, sai allurar na'urarsa ta buga ƙarshe. Wani haske ya sauko kamar an buɗe ƙaton firji a sararin sama, ya ji ƙafarsa ta bar ƙasa. Wai wasu halittu ne daga wata duniya, gajeru kamar tukunyar gas. Sun zaunar da shi, sun yi masa tambayoyi na ɗan lokaci, suka mayar da shi inda suka ɗauke shi. A ganinsa ko la'asar ba ta yi ba.

Gwaggo ta ce aljanu ne, ta shiga tofa masa addu'a har sai da ya nemi tawul. Maigidan ya ja ni gefe ya ce ƙwaya ce. Ni na ce ƙarya ce tsagwaronta, kuma ƙarya fure take ba ta 'ya'ya.

Firji. Duk abin da zai kwatanta a duniya, sai firji. Da gangan ya yi.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na sa Gwaggo ta ce masa ya miƙo hannu. Na ɗebi jini, kuma ban nemi jijiyar a hankali ba. Na gwada duk abin da ake gwadawa. Fes. Ya fi nawa kyau ma, wanda wannan kansa wani cin fuska ne.

Abin da ya hana ni sukuni ba shi ba ne. Audugar nan tana haɓarsa ranar da ya dawo. Na gani da ya cire ta: yankan ɗanye ne, ko ƙanzo bai gama yi ba. Gemu bai tsiro ba. Ayabar kuma ko ɗigon baƙi babu a jikinta.

Mutum zai iya sake yanka haɓarsa ya sayi sabuwar ayaba. Mutum mai dabara. Auta fa ake magana.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ya tare a falon Mama, yana kwana tsakanin kwalaye. Ayabar tana kan tebur, ya hana kowa taɓawa, yanzu ta fara baƙi kamar kowace ayaba.

Kullum da safe sai ya ɗauki dish ya hau saman benen gidan Mama, inda ake shanya. Wai kiransu yake yi. Wai tunda sun iya cinye wata guda, to su mayar da shi ranar Litinin ɗin nan, ya kai ayaba ya dawo, ko me za su yi da shi daga baya su yi.

Na ce wa Gwaggo ta ce masa ya ci abinci. Ta ce ita ba gidan waya ba ce, gobe ma gida za ta koma, ƙafarta ta kumbura da kai-kawo tsakanin kicin da falo.

Laraba, 16 ga Afrilu

Gwaggo ta tafi. Yau magen maƙwabta na aika. "Kyanwa, ki ce wa mai kiran sama akwai shinkafa a tukunya." Ya ce, "Kyanwa, ki ce na gode, gishiri ya yi yawa."

Bai ma ɗanɗana ba tukuna!

Asabar, 19 ga Afrilu

Labulayen Mama ne suka rage. Zan wanke in shanya, in sun bushe shi ke nan, a mayar wa mai gida makullinsa.

Asabar, 19 ga Afrilu, da yamma

A'a. Wai Talata ce. Wai 13 ga Mayu. Na duba wayar Maigidan, na duba ta maƙwabciya, na duba jarida.

To. Ni da nake da takardar shaidar kimiyya a bango.

Rana tsaka na hau da bokitin labule. Yana can yana juya dish. Na ɗauko labule ɗaya zan yarfa a igiya, sai na ji gashin hannuna ya miƙe. Inuwa ta rufe mu. Haske ya sauko, kuma Allah ya gani, in ba firji ba ban san da me zan kwatanta shi ba. Silifas ɗina ɗaya ya faɗi, na gan shi yana ƙanƙancewa a ƙasa. Na yi ihu, "Auta!" Ya ce, "Ki riƙe zaninki, akwai iska a hanya."

Ɗaki ne fari, ba ƙofa ba taga, yana warin dutsen guga. Su uku. Tukunyar gas ɗin ce dai, launin sabulun wanki, da idanu jere a sama kamar maɓallan riga. Da wani ɗan akwati suke magana. Matsalar, a bakin Auta akwatin ya koyi yarenmu, don haka da muryarsa yake yi, har da saƙale-saƙalensa.

Akwatin ya ce, "Sannu da zuwa, kin gane ko. Ke ce Yaya? Wallahi mun ji labarinki."

Ashe zuwansa na farko tambaya ɗaya suka yi masa: wace halitta ce ta fi haɗari a duniyarku? Ya ce yayarsa. Daga nan bai rufe baki ba har suka sauke shi. Shi ne suka ga ya kamata su ji ta ɗaya ɓangaren.

Ai kuwa suka samu. Na gyara zama, jiƙaƙƙen labule a hannuna, na ba su labarin firji daga filogi har butar shayi. Na ce, "Ku ce masa jinin mutum arba'in ya lalata." Akwatin ya juya ya faɗa masa da muryarsa. Ya ce, "Ku ce mata ba a rubuta komai a jikin filogin ba." Akwatin ya juyo ya faɗa mini. Muka yi ta yi, har akwatin ya fara zafi yana ƙauri. Ɗayansu ya ce, "Tsaya, tsaya. Ba kwa jin juna ne? Mun auna kunnuwanku, lafiyarsu lau."

Babban cikinsu ya tambaye ni mene ne wannan a wurina. Na ce ƙanina ne, abin takaici. Auta ya ce, "Ku rubuta! Ku rubuta ta faɗa!" Suka ce su ba sa rubutu.

Sai suka ce, to da can wa yake ɗaukar muku magana? Muka ce Mama. Suka ce a kawo ta mana, ita ce ƙwararriyar.

Na ce musu ta rasu.

Auta ya durƙusa a gabansu. Ban taɓa ganin ya roƙi kowa ba, ko lokacin da aka kore shi. Ya ce su mayar da shi ranar da suka ɗauke shi, awa ɗaya ta ishe shi. Suka haɗa kai suna ƙyafta maɓallansu. Can akwatin ya ce, a hankali, kuma da muryar Autan, "Gaba kawai yake tafiya, ɗan'uwa. Mu ma namu suna tafiya ba sa dawowa. Ba mu san lokacinku yana gudu haka ba. A yi haƙuri."

Shi ya fara kuka. Ni na ce ba zan yi a gaban baƙi ba, sai ga shi ina yi har da shessheƙa. Halittun nan suka rikice, a zatonsu mun fashe muna yoyo. Ɗaya ya gangaro da wani abu kamar tasa ya tara a haɓata. Ɗaya yana zagaya Auta yana neman inda zai toshe. Na miƙa masa gefen labulen ya share fuska, na riƙe ɗaya gefen. Har yanzu da ɗan ƙamshin ɗakinta, duk da sabulu.

Da za su sauke mu babban ya ce ba su gane komai ba, amma sun gode. Auta ya ce musu dish ɗinsu na waje ya ɗan karkace, in suna so ya duba. Na ja shi ta ƙeya.

Muka dira a saman bene. Bokiti babu, an sace. Labulen yana ɗiga a hannuna.

Laraba, 14 ga Mayu

Maigidan ya rame. Ya manna hotona a kowace sandar lantarki, kuma duk hotunan duniya sai ya zaɓi wanda na rufe ido ɗaya. Ya rungume ni ya yi kuka, ya zaunar da ni, ya saurari labarin har ƙarshe bai katse ni ba. Sannan ya ce, cikin lallashi, "Ko za ki ba da ɗan jini a duba?"

Auta yana bakin ƙofa. Dariya har da riƙe bango.

Asabar, 17 ga Mayu

Shugabar sashenmu tana son bayani a rubuce na inda na shiga. Na zauna da biro tun safe. Na rubuta "matsalar iyali". Ai ba ƙarya na yi ba.

Gwaggo ta zo ta dube ni ta dube shi, ta ce alhamdulillahi, da mahaukaci ɗaya ne a gidan, yanzu an samu na hira. Ta tambaya ko a can sama an ba mu abinci. Muka ce a'a. Ta ce to ba mutanen kirki ba ne.

Abin haushi: duk garin nan mutum ɗaya ne ba ya kallona a kaikaice in na yi magana.

Laraba, 21 ga Mayu

Mai gidan hayar ya ba da wurin Mama ga wasu tun muna sama. Kwalayen suna garejinmu. Auta ma haka, don nasa mai gidan ya gaji da ɗan haya mai ɓacewa. Na ce wa Maigidan na 'yan kwanaki ne. Ya ce shi bai tambaya ba.

Auta ya gyara mana fankar falo da ta shekara tana kuka. Na tsaya a kansa har ya gama, kuma na manna takarda a jikin filogin firji. Ya karanta ya ce, "Kin ga da tun farko haka aka yi." Ban kula shi ba. Wato na kula shi, na ce ya rufe mini baki.

Lahadi, 25 ga Mayu

Muna rarraba kayan kwalaye da rana, Auta ya ɗauko tabaraun Mama na karatu, wanda ta ɗaure ƙafarsa da zare. Ya daɗe yana juya shi. Bai dube ni ba ya ce, "Ta yi fushi da ni?"

Na ce a'a.

"Ta neme ni?"

Na ce kullum.

Sai na ba shi saƙon. Na so in gyara shi ya zama wata babbar magana irin wadda ake tunawa, amma Mama ba ta son a ƙara wa aike gishiri. Na ce, "Ta ce, ki ce wa ƙaninki kada ya sayo wadda ta nuna da yawa, yana da saurin yarda da masu talla."

Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan, daga nan barci ta yi.

Ya yi dariya, dariyar ta juye, ta sake dawowa dariya. Ya ce kuma fa mai ayabar ta so ta cuce shi ranar, ya ƙi. Ya zaɓo masu kyau. Na ce na gani. Masu kyau ne.

Na bar masa tabaraun. Ni na ɗauki butar shayinta, ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa yatsa.

Asabar, 31 ga Mayu

Ya samu aikin ɗaura dish a wani bene mai hawa huɗu. Ba ni da aiki yau, kuma dama ina son zuwa kasuwar wajen, don haka na bi shi. Ba don komai ba.

Da zai hau na ciro igiyar shanya daga jakata na ɗaura a bel ɗinsa, ɗaya bakin na naɗe a kuguna. Mai benen ya tsaya yana kallonmu. Na ce masa sabuwar dokar kiyaye haɗari ce. Auta ya ce, "Yaya, kin san wannan igiyar ko akuya ba za ta riƙe ba." Na ce ya yi aikinsa.

Awa biyu ina tsaye a rana, yana juya faranti yana ba ni labarin wata mai sayar da katin waya da yake ganin tana sonsa. Ba ta sonsa. Zan je in gan ta dai.

Ban samu zuwa kasuwar ba.

Ni ma na san igiyar ba za ta hana su ɗaukarsa ba. In sun ja, sai dai su ja biyu.